Wutar da ke ƙetare iyaka, mu kuma muna cikin duhu

Yau kwana huɗu unguwarmu ba ta ga wutar lantarki ba, a tsakiyar bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40. Yara na kwana a tsakar gida suna kuka, kekunan ɗinkina uku kuma suna tsaye, domin tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin man janareta ya fi abin da ɗinki ke kawowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tushen wutarmu ɗaya da na Yamai. Daga madatsar ruwan Kainji take zuwa Birnin Kabi, inda wani layi ya nufo Sakkwato, wani kuma ya ƙetare iyaka ta Dosso. Ba na baƙin ciki da abin da mutanen Nijar ke samu, domin auratayya da kasuwar Illela sun daɗe da haɗa mu da Ƙonni. Na kuma san kogin Kwara ta ƙasarsu yake ratsowa kafin ya iso Kainji, saboda haka zaman lafiya a kan ruwan nan amfanin kowa ne.

Ƙorafina yana kan jami'an da aka ɗora wa alhakin ƙulla yarjejeniyar makamashi da ƙasashen waje a madadinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki aka yanke wa Nijar wuta bisa takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai bayan ɗage shi a 2024. Ashe idan siyasa ta kira, ana iya aiki da gaggawa! Amma a duk waɗannan watanni ko awa ɗaya ba ta ƙaru a gidana ba. Ina wutar ta tafi? Wane ne ya fito ya yi mana bayani da Hausar da tela da mai ƙanƙara za su fahimta?

Haƙƙinmu ne a gaya mana nawa ake sayarwa, nawa ake biya, kuma kaso nawa na kuɗin ake zubawa a gyaran layin da ke ciyar da Sakkwato. Salla na ƙaratowa, yadin mutane na jibge a shagona, ni kuma kullum haƙuri nake ba su.