Dokar Indiyana a Bakin Tukubar Tsire

(Birnin Indiyanapolis na jihar Indiyana a Amurka, farkon watan Afrilun 2015. Alhaji Bakano na fifita garwashi a shagonsa na tsire. Bazazzagi direban tasi ya kame kujera, Ɗan Boko na gefe yana latsa waya.)

BAKANO: Kai ɗan boko, ajiye wayar nan. Mako guda ke nan garin nan ba lafiya, kowa riƙe da kwali yana ihu. Wa ya mutu?

ƊAN BOKO: Ba wanda ya mutu, Alhaji. Doka ce. Ranar 26 ga Maris Gwamna Mike Pence ya sa hannu a kan dokar 'yancin addini. Ta ce gwamnati ba za ta takura wa mutum a kan addininsa ba, sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

BAKANO: Ma sha Allah. To meye abin ihu?

ƊAN BOKO: Cewa suke ta haɗa har da kamfanoni da shaguna. Wato mai shago zai iya korar masu auren jinsi, in an kai shi kotu ya ce addininsa ne ya hana.

BAZAZZAGI: Ni na ga gwamnan a talbijin ranar Lahadi. Ɗan jarida ya ce masa, e ko a'a, za a iya korarsu? Ya kama zagaye. Aka sake tambaya, ya sake zagaye. Wallahi har na ɗauka Bakano ne aka zo karɓar bashi wajensa.

BAKANO: Rufe min baki, bawana. Yaro, tsaya. Kana nufin in addinina ya hana ni abu, shi ke nan?

ƊAN BOKO: Ba haka kai tsaye ba...

BAKANO: To daga yau addinina ya hana ni ba Bazazzagi tsire bashi.

BAZAZZAGI: A wace ayar?

BAKANO: Tana nan, sai na duba.

ƊAN BOKO: Ai ba kai ka fara wannan dabarar ba, Alhaji. Wani ya riga ya yi rajistar cocin tabar wiwi a garin nan, ya ce shi ma dokar ta rufa masa asiri.

BAZAZZAGI: Kai! Wannan coci ba zai rasa mabiya ba. Sai dai kullum su manta ranar ibada.

ƊAN BOKO: Kuma asalin abin ba shi da nisa da haka. Dokar tarayya irin wannan ta 1993, wadda Shugaba Clinton ya sa wa hannu, ta taso ne daga shari'ar wasu mutum biyu da aka kora daga aiki saboda sun ci wani tsiro mai bugarwa a ibadar 'yan asalin ƙasar. A majalisar dattawa 97 suka amince, 3 kacal suka ƙi. Lokacin kare marasa rinjaye aka yi nufi.

BAKANO: Ni bar ni da tarihi. Ina ciniki a ciki?

(Nan ne ya ajiye mafici. In ka ga Bakano ya ajiye mafici, to magana ta kai inda yake ji.)

ƊAN BOKO: Ciniki ne ma ya tashi hankalin gwamna. Shugaban kamfanin Apple, Tim Cook, ya fito ya soki dokar. Kamfanin Salesforce ya soke tarukansa a jihar. Kamfanin Angie's List ya dakatar da aikin faɗaɗa ofishinsa na dala miliyan 40.

BAKANO: Miliyan nawa?

ƊAN BOKO: Arba'in.

BAKANO: Inna lillahi! Leburori nawa ke nan da ba za su ci tsire ba?

BAZAZZAGI: Ga gwamnonin jihohin Konetikat da Niyok sun hana ma'aikatansu zuwa nan da kuɗin gwamnati. Mu 'yan tasi mu muka san zafin wannan. Ga kuma wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon jami'o'i a garin nan cikin makon nan, hukumar wasan ma ta ce ranta bai so ba.

ƊAN BOKO: Babbar jaridar garin ta cika shafin farko da ƙaton rubutu, wai a gyara yanzu. A jihar Akansas kuwa kamfanin Walmart ya roƙi gwamnansu kada ya sa hannu a kan irin dokar, ɗan cikinsa ma ya sa hannu a takardar masu adawa.

BAKANO: Ɗan da ya haifa? To ni ma ina adawa. Yaro, samo min takardar nan da ake mannawa a ƙofa, mai cewa kowa namu ne.

ƊAN BOKO: Ai an ma gyara. Ranar 2 ga Afrilu gwamna ya sa hannu a kan gyaran: ba a yarda mai shago ya fake da dokar ya kori kowa ba. Coci-coci ne aka ware.

BAZAZZAGI: Kwana bakwai! Masu wa'azi sun yi nasu, masu kwali sun yi nasu, gwamna bai motsa ba. Dala ta yi gyaran murya sau ɗaya ya nemo biro.

ƊAN BOKO: Yanzu kuma magoya bayan dokar na cewa ya sayar da su, masu adawa na cewa gyaran bai isa ba. Waɗanda suka sha wuya dai wasu masu shagon abincin fiza ne a garin Walkerton. Aka tambaye su a talbijin, suka ce kowa ya shigo za su sayar masa, amma ba za su yi abincin bikin auren jinsi ba. Zagi da barazana suka sa suka rufe shago.

BAKANO: Ka gani? Maganin mai surutu ke nan.

ƊAN BOKO: Sai magoya baya suka tara musu gudummawa a intanet, sama da dala dubu 840.

(Shiru. Tsire na ƙonewa, ba wanda ya kula.)

BAKANO: Yaro, wannan takardar ta ƙofa... kada ka yi gaggawar manna ta.

BAZAZZAGI: Au, har an sauya sheƙa?

BAKANO: Bawana, matso. Gobe ka sa babbar riga, ka shigo ka ce kana son tsiren biki na mutum ɗari. Ni kuma in daka maka tsawa in ce ba na yi. Yaron nan ya ɗauka a waya.

BAZAZZAGI: Bikin wa?

BAKANO: Naka mana.

BAZAZZAGI: Da wa?

(Bakano ya juya ya dubi Ɗan Boko.)

ƊAN BOKO: Alhaji, ni ina da jarabawa gobe! Kuma wannan damfara ce, ɗauri ake yi.

BAZAZZAGI: Bidiyon nan kafin la'asar ya isa Tudun Wada, wajen uwargida. Nawa ne kasona?

BAKANO: Tsinke biyar.

BAZAZZAGI: A cikin dubu 840?

BAKANO: To shida, har da albasa.