Kwamfutar da Ba Ta Aiki Bayan Azahar

Kwamfutar gidanmu ta tebur ce, 'yar Kwatano, wadda ta gama bautar wani ofis a Turai kafin ta zo ritaya falona a Kano. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, Core i3 ce ta zubi na huɗu, ram ɗinta, inda take riƙe ayyukan da ke buɗe, 4GB, tana ɗauke da Windows 10. Da ita nake buga wa mutane takardu in sami na cefane, yara su yi aikin makaranta, uwargida kuma ta duba sababbin ɗinkuna. Sauri dai ba ta da shi, amma akwai biyayya. Sai a bazarar nan ta koyi sandarewa.

Kana tsakiyar rubutu sai kibiyar maus ta tsaya cak. Ka jijjiga maus ɗin, shiru. Ka haɗa Ctrl da Alt da Delete ka danna, ko gezau. Hatta agogon da ke kusurwar allo sai ya kafe a kan biyu da kwata, yana nan a haka har a kira la'asar. Abin da ya rage sai ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe har ta mutu, duk abin da ba a adana ba ya bi ruwa. Haka katin ɗaurin auren wani bawan Allah ya salwanta ana jibi biki, bayan ya ƙarar da katin wayarsa wajen karanto min sunayen iyaye da kawunnai da abokan ango ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcina ne ya fara zuwa dubiya. Ya taɓa aiki a shagon intanet tun zamanin da ake biya da awa, kuma a wajensa ciwon kwamfuta ɗaya ne a duniya. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, bairos ce." Ya zaro filash daga aljihu ya zuba mata antibairos har kala biyu, wai in ɗaya ya yi barci ɗaya yana gadi. Ashe kishiyoyi ya haɗa min a madafi ɗaya. Duk fayil ɗin da na buɗe sai wannan ya bincika, wancan ma ya bincika, sannan kowa ya koma binciken ɗan'uwansa yana aiko min da gargaɗi cewa akwai mugu a gidan. Kwamfutar da a da take kunnuwa kafin shayi ya huce, yanzu sai na gama karyawa tana ta juya 'yar da'irarta. Bairos kuwa ko ɗaya ba su kamo ba.

Sai ƙanina, wanda ya karanci kwamfuta a foli kuma ba ya bari a manta. Ya ture ni daga kujera ya ce, "Yaya, kawo ka ga aiki." Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager mai nuna abin da ke gudana a ciki ta buɗe, ya nuna min ram ɗin nan 4GB ya cika har wuya. Uwargida ta bar shafukan leshi da atamfa a buɗe reras, yara sun sauko da wasannin mota da ke tashi da kansu da zarar an kunna. Ya cire antibairos ɗaya, ya hana tarkacen nan tashi, ya rufe shafukan, abin da har yau uwargida ba ta yafe masa ba saboda wani ɗinkin hannun riga da ta kasa sake samowa. Gaskiya an sami sauƙi. Da safe har na kira shi na sa masa albarka. Bayan azahar ta sake sandarewa, na kira shi na janye.

Nan ya sauya fatawa. Wai Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma tawa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don ana bukatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Duk gaskiya ne, sai dai daina aiko da gyaran tsaro ba ya sa kibiya ta kafe. Ya ce mafita kawai in sayi sabuwa. Na tambaye shi nawa zai sa a ciki, sai ya tuna ana jiransa a majalisa.

Duk wannan bidiri ana yin sa ne a gaban Hajiya, mahaifiyata, wadda ta zo mana kwana biyu ta kafa dardumarta a gefen teburin, don nan ne iskar taga ke shigowa. Ita kaɗai ce hankalinta kwance. Ta ce ita kam ta ga na'urar ta ma yi hankali, ta daina surutu. Muka yi dariya muka wuce.

Uwargida ce ta gano bakin zaren. Ta ce, "Abban yara, ka lura ba ta taɓa yin haka da safe ba? Kullum sai rana ta take." Na ɗora tafin hannu a jikin akwatin, na janye ba shiri. Afrilu ne, zafin Kano yana haura digiri 40, ga rufin kwano.

Na rungume ta a adaidaita sai Beirut Road, wajen wani mai gyara da ba ya yawan magana. Ya kwance murfin da sukundireba, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule ta toshe haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafin firosesa. Ya ce idan firosesa ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura sai komai ya tsaya ko ta kashe kanta. Ya fita da ita waje ya hura mata bulowa, masu shagon kusa suka yi ta tari suna yi mana addu'ar da ba ta alheri ba. Ya kankare tsohon man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen, wanda ya bushe ƙayau, ya shafa sabo. Ya so ya tallata min SSD a madadin tsohon faifan ajiya mai juyawa, na ce a bar wa baɗi.

Da ya zo kan fankar baya, wadda ke fitar da iska mai zafi, sai ya tsaya. Ya sa ɗan hantsaki ya zaro tsinken tsintsiya guda biyu, ya ɗaga su sama.

"Alhaji, kana da yara a gida?"

Na ce akwai.

"To wannan ba aikinsu ba ne. Dubi yadda aka soka daidai tsakanin fukafukan, aka karye ragowar don kada a gani. Wannan babba ne, kuma mai natsuwa."

Fankar ta riga ta ƙone, aka sa wata. Na biya, na dawo gida na haɗa wayoyi, ta tashi garau da 'yar ƙararta. Ina kunnawa na ga Hajiya ta ɗago kai daga carbi ta harari bayan akwatin.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ko kun san yadda aka yi tsinke ya shiga fankar nan?"

"Ni na sa. Mutum yana lazimi abu yana ta yi masa gurnani a kunne. Ina sokawa ta yi shiru."

"Amma Hajiya kuna gani muna ta fama, ba ku ce komai ba."

"Wa ya tambaye ni? Kowa ya shigo sai ya tambayi kwamfuta." Ta ja carbi biyu, sannan ta ce, "Nawa ka kashe?"

Na faɗa mata, har da kuɗin adaidaita da katin auren da na sake bugawa kyauta. Ta riƙe haɓa.

"A kan tsinke biyu? Kai dai ba ka san ciwon kuɗi ba. Da ka yi magana ai da na zare maka ba ko sisi."