Kanwar gida da buhunan Turai: yadda ake taimakon tunkiya a lokacin zafi

Shekarata ta huɗu ke nan ina aiki a gonar tumakin tatsa a tsibirin Sardiniya, ƙasar Italiya. A nan tumaki sun fi mutane yawa: sun kusa miliyan 3, mutanen kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Don nono ake kiwonsu, da shi ake yin cukun Pecorino Romano da ake kaiwa har Amurka. Ni da na tashi a gidan da ake turke ragon layya, sai da na zo nan na fara ganin ana tatsar tunkiya da inji.

Ana fara tatsa da hunturu, a ci gaba har wajen Yuni ko Yuli, shi ya sa ƙarshenta yake faɗawa cikin zafi. Zafin kuma ba na wasa ba ne, don a Yulin 2023 ya kai digiri 48 a gabashin tsibirin. Tunkiyarsu mai ulu ce, ba kamar Balami da Uda da Yankasa namu masu gajeren gashi ba. Ko an yi mata aski, da rana ta take sai ka ga garken ya cure, kowace ta cusa kai ƙarƙashin 'yar'uwarta, ana ta haki. Ci ya ragu, nono ya ragu, maiƙonsa ya ragu, mai cuku ya fara ƙorafin cewa nonon ba ya kamawa da kyau.

Likitan dabbobin da ke zuwa gonarmu ne ya fahimtar da ni abin da ke faruwa a ciki. Tunkiyar da ke haki ba ta tuƙa yadda ya kamata, alhali yawun da take haɗiya wajen tuƙa shi ke kashe tsamin tumbinta. In yawun ya yi ƙaranci, ga shi kuma tana tsince hatsi tana barin ciyawa, sai tumbin ya yi tsami, cin ya ƙara mutuwa. Don haka maigidana yake zuba bikabonat, wani farin gari mai kashe tsami, a abincinsu, da yis irin na burodi don ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbi, da bitamin E da sinadarin seleniyom. Akwai kuma wani garin kitse da ake yi daga manja, saboda kitse yana ba da ƙarfi ba tare da ya dumama jiki kamar busasshiyar ciyawa ba.

Ranar da na ɗanɗana bikabonat ɗin nan a harshena, kakata na tuna. Kanwa ce! Kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, wadda take jiƙawa a ruwan dusa tana ba tumakinta da bazara, 'yar gida ɗaya ce da abin da ake sayar mana a buhu da tambarin kamfani. Makiyayan da ke kora dabbobinsu zuwa Ingal a Nijar kowace shekara don su lashi ƙasa mai gishiri, su ma sun daɗe da sanin wannan. Abin ya faranta mini rai, ya kuma dame ni, domin a nan awo ake yi, giram kaza ga kowace tunkiya, mu kuwa da tafin hannu muke ɗiba. Wata kanwar ta fi wata kaifi, wata rabinta yashi ne, kuma in ta yi yawa zawo take sawa. Ina ganin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika za ta yi wa masu kiwo babban alheri in ta auna jar kanwa da ungurnu, ta faɗa wa mutane da Hausa a rediyo adadin da ya dace da tunkiya mai shayarwa.

Sai dai ban yarda da masu tallan da ke nuna kamar buhun shi ne magani ba. A idona, garken maƙwabcinmu da ke da inuwar itatuwa da ruwan sha mai sanyi, wanda ake fitarwa kiwo da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, ya fi riƙe nono a kan wanda aka cika wa kwami da sinadarai aka bar shi a filin Allah. A wannan fannin mun fi su dacewa: gawo yana ba da inuwa da rani, ya kuma zubo 'ya'yansa tumaki su ci, ga harawar wake da ƙarmami a kan rumfa. Amma duk zuwan da na yi gida sai na tarar an ƙara sare gawon gonakinmu.

Ƙanena ya kira ni kwanan baya, wai zai sayo dutsen lasa na shanu ya ba tumakinsa masu goyo. Na hana shi. Irin na shanu yakan ƙunshi sinadarin jan ƙarfe da yawa, hantar tunkiya kuwa tara shi take yi a hankali har ya kashe ta. Na ce ya nemi wanda aka rubuta na tumaki ne, ya mayar da randar ruwansu ƙarƙashin darbejiya, ya riƙa ba su dusar da sassafe kafin rana ta yi zafi.