Tsohuwar takardar direban Linux ta fi rashin takarda cutarwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya aka kira ni wata makaranta in haɗa musu ɗakin kwamfuta. Injinan duk na gwanjo ne, irin waɗanda ake saukewa daga Turai bayan ofisoshin can sun gama morarsu. Muka ɗora musu Linux, don shi ke iya jan tsohon inji ba tare da nishi ba. Duk suka hau layi sai guda ɗaya da aka sa wa tsohon katin sadarwa a ramin PCI. Fitilar katin ta kama ta ɗauke, ta kama ta ɗauke. Na canza waya, na canza rami a jikin suwic, na'urar da ke haɗa injinan, shiru. Sai na buɗe takardar bayanin direban katin, wato manhajar da ke tuƙa shi, takardar da ke zuwa tare da kanel, zuciyar Linux.

Takardar ta ce in rubuta wani zaɓi a cikin /etc/modules.conf. Babu abin da ke karanta wannan fayil ɗin a yau. Tun zamanin kanel 2.6 aka bar shi, yanzu a /etc/modprobe.d ake ajiye irin wannan. Na kai zaɓin can, na sake loda direban, sai dmesg, umarnin da ke fito da saƙonnin kanel, ya nuna mini cewa kanel bai san wannan zaɓin ba, ya yi watsi da shi. Takardar ta ce in duba da ifconfig, injin ya ce babu wannan umarni. Ta ce sunan katin eth0 ne, shi kuwa sunansa ya fara da enp. A ƙasa ta ba da adireshin da za a sauko da manhajar gwaji. Na buga shi a wayata, shafin ya mutu. Duk wannan janareta na shan mai, shugaban makarantar yana leƙowa yana cewa, "Injiniya, yaya dai?" Sai bayan la'asar na gyara abin da ethtool, umarnin saita katin sadarwa, cikin layi ɗaya.

Ban zo zargin kowa ba. Wanda ya rubuta takardar gaskiya ya faɗa a ranar da ya rubuta. Kamar mutum ne ya yi maka kwatancen gida ya ce in ka kai babbar tsamiya ka karya dama, alhali an sare tsamiyar shekara goma sha biyar da suka wuce. Ba ƙarya ya yi maka ba, amma ka ɓata. Kuma da bai ce komai ba da tun a bakin hanya ka tsaya ka tambayi mai shago. Shi ya sa a wannan wajen ban yarda da "da babu gara ba daɗi" ba. In babu takarda, kai tsaye zan buga modinfo in ga zaɓuɓɓukan da direban ke karɓa da gaske. Amma da yake akwai takarda, kuma a cikin kanel ɗin kansa take, sai na ba ta amana, na yi ta zargin hannuna maimakon in zarge ta.

Akwai kuma abin da ya sa takardar katin sadarwa ta bambanta da ta katin sauti ko ta firinta. In sauti ya ƙi, kana da intanet, ka bincika. In katin sadarwa ya ƙi, hanyar binciken ce ta yanke. Wanda yake da data a waya ya tsira; wanda ke wajen da sabis ba ya kamawa sosai, abin da ke cikin injin shi ne malaminsa. A daidai lokacin da mutum ya fi buƙatar takardar, a lokacin ne ba shi da abin da zai gwada ta da shi.

Bari in ɗan koma baya, don masu tasowa su san darajar abin da muke magana a kai. A shekarun 1990 wani bawan Allah mai suna Donald Becker, yana aiki da hukumar NASA a Amurka, ya rubuta direbobin katunan Ethernet masu yawan gaske na Linux: na katunan 3Com, na tulip, na NE2000 da sauransu. Da ba don irin aikinsa ba, da Linux bai shiga ɗakunan saba, manyan injinan da ke yi wa sauran hidima, da wuri haka ba. Takardar direban 3c59x, wadda ake kira vortex, Andrew Morton ne ya rubuta ta, kuma kwanan watan da ke samanta na shekarar 2000 ne. Mutanen nan sun yi aikin da har yau muke ci, kyauta. Sai dai duniyar da ke kewaye da rubutunsu ta sauya. Kayan net-tools, inda ifconfig yake, sun ba da wuri ga iproute2 da umarnin ip, har manyan rabe-raben Linux da dama suka daina sa ifconfig tun daga farko. A 2013 systemd, manhajar da ke tada Linux, ya kawo sabon tsarin sunayen katuna, eth0 ya koma irin su enp2s0. Saita gudu da sauran halayen kati ya koma hannun ethtool, har masu kula da sashen sadarwa na kanel ba sa son a ƙara sabbin zaɓuɓɓukan loda direba.

Wani zai ce ai an gyara takardun kanel. An gyara, amma a san wane irin gyara. A 2016, da kanel 4.8, aka koma tsarin Sphinx, manhajar da ke mayar da takardu shafukan burauza, ƙarƙashin jagorancin Jonathan Corbet mai kula da sashen takardu. Daga baya Mauro Carvalho Chehab ya juya ɗimbin tsofaffin fayiloli zuwa sabon tsarin, har da na sadarwa. Aiki ne babba, Allah ya saka musu. Amma wannan gyaran siffa ne: kanun magana, jadawali, yadda shafi zai fito a burauza. Mutum ɗaya ba zai iya mallakar kowane kati ya gwada kowace jimla ba. Sakamakon shi ne wata takardar ta sami sabuwar riga, jikin kuwa na da ne. Wannan ma ya ƙara mata kwarjini, domin mai karatu yana ganin shafi tsaf-tsaf sai ya ɗauka jiya aka rubuta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda mu kanmu muke raina wannan aiki. Sau nawa na ji ana ce wa yaro mai son shiga buɗaɗɗiyar manhaja, "Fara da takardu, su ne masu sauƙi." Gyaran harafi da waƙafi mai sauƙi ne, na yarda, kuma masu kula da sashen sadarwa ba su cika maraba da faci, wato gyaran da ake tura musu, na kwalliya zalla ba. Amma sabunta takardar direba da gaske? Sai ka ɗauki kowane zaɓi da ta ambata ka nemo shi a cikin lambobin direban, ka ga ko module_param ɗinsa, layin da ke ayyana zaɓin, yana nan. In yana nan, ka duba ko ƙimar da yake farawa da ita ta canza. In ba ya nan, ka bi git log, tarihin canje-canjen lambobin, ka gano ranar da aka cire shi da dalili, don ka faɗa wa mai karatu abin da ya maye gurbinsa. Sannan ka sa katin a inji ka buga kowane umarni da hannunka. Wanda ya gama wannan ya san direban fiye da mutane da yawa da ke kiran kansu masu rubuta manhaja.

Ga misalin da ke nuna cewa abin ba na wasa ba ne. Tsofaffin jagorori da yawa suna koya wa mutum ya tilasta wa kati gudun megabit 100 da aika-da-karɓa lokaci guda, ya kashe sasantawar da kati ke yi da suwic da kansa. A zamanin da na'urori ba sa jituwa, shawara ce mai amfani. Amma in ka tilasta ɓangare ɗaya ka bar ɗayan yana neman sasantawa, ɗayan zai gane gudun, sai dai zai faɗa tsarin bi-da-bi, wato ko aikawa ko karɓa. Layi zai nuna ya hau, ping, umarnin gwada layi, zai amsa, amma da an fara tura babban fayil sai abu ya koma tafiyar hawainiya. A gigabit na wayar tagulla kuwa sasantawar dole ce. Takardar da ta ba da waccan shawara ba tare da wannan gargaɗin ba, ta haifa wa mutum matsalar da zai yi sati yana nema, yana zargin waya, yana zargin mai sayar da intanet.

Kuma mafi wuyar aikin shi ne gogewa. Ƙara sakin layi kowa na iya yi. Amma ka goge abin da babban mutum ya rubuta shekara ashirin da suka wuce, sai hannu ya yi nauyi. Ni a ganina girmama su shi ne kada a bar sunansu a kan umarnin da ya daina aiki. Tarihin git yana riƙe da komai, babu abin da ke ɓacewa.

To wa zai yi? A nan ne nake so mu kalli kanmu. Injiniyoyin kamfanonin da suka ƙera katunan sun wuce zuwa na gigabit 100 da sama, wasu kamfanonin ma babu su, kamar 3Com da HP ta saye a 2010. Ku buɗe fayil ɗin MAINTAINERS ku ga direbobin da aka rubuta wa Orphan, wato marayu, ko Odd Fixes, wato sai an samu sarari. Su waye ke riƙe da waɗannan katunan a hannu, suna aiki da su kullum? Mu ne, a shagunan gyara da makarantu da wuraren buga takardu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da mai kula da direba a Jamus ko Amurka ya rasa, wato katin da zai gwada, yana cikin kwalin tarkace a ƙarƙashin teburinmu. Ko wanda ba shi da kati ba shi da uzuri sosai: VirtualBox da QEMU, manhajojin da ke kwaikwayon inji a cikin inji, duk suna kwaikwayon katin Intel 82540EM, wanda direban e1000 ke tuƙawa, don haka ana iya koyon karanta takarda a gefen lambobi a kan laftof.

Na ga wasu 'yan uwa suna maganar fassara takardun Linux zuwa Hausa, tunda akwai na Sinanci da Italiyanci da Japananci da Koriyanci a cikin kanel. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Roƙona kawai, kada mu fassara abin da ba mu gwada ba. In muka juya kuskure zuwa harshen uwa, yaron da bai iya Turanci ba ba shi da inda zai je ya gane an yi kuskure.

Hanyar turawa ba ta da wani sirri. Takardun suna Documentation/networking/device_drivers. Ka gyara, ka buga make htmldocs ka ga ba ka fasa komai ba, ka bi da checkpatch.pl mai duba tsarin faci, sannan get_maintainer.pl ya faɗa maka waɗanda za ka tura wa. Faci ɗaya, magana ɗaya. A bayanin facin ka faɗi abin da ka gwada da katin da ka gwada a kai, ka sa Signed-off-by, layin sa hannunka. Ka lura da makonni biyun da ake buɗe ƙofar haɗa sabon kanel, lokacin reshen net-next, inda ake karɓar sabbin facin sadarwa, a rufe yake. In an dawo maka da gyara, kada ka ji an ci fuskarka; an karanta ne, kuma wannan shi ake nema.

Ni dai na roƙi makarantar ta bar mini katin nan, na sa musu wani. Na fitar da takardar a firinta, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk jimlar da ban tabbatar ba, shafin farko kusan duk ya yi ja. Ranar Asabar zan fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai sashen tada inji daga nesa ta wayar sadarwa, wato Wake-on-LAN, da ba zan iya gwadawa ba, don uwar allon da nake da ita ba ta da wannan damar. Duk wanda yake da tsohon inji mai ramin PCI da BIOS ɗinsa ke da Wake-on-LAN, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo.