Ba A Gina Gada A Kwance

Na ga bidiyon. Tun da safe mutum huɗu suka turo min, kowa tambayarsa ɗaya: "Ka ga abin da mutumin naka ya ɗora?" Na gani. An yanko daƙiƙa arba'in daga wasanmu na Call of Duty: WWII na daren jiya, an jera wuraren da na faɗi a bakin gada ɗaya bayan ɗaya, an zuba fuskokin dariya a ƙasa, an rubuta wai wasu a tawaga kaya ne, ɗaukarsu ake yi. Ba a kira sunana ba, don haka ni ma ba zan kira na kowa ba. Wanda ya tsargu, da shi nake.

Sai dai mai yankan bidiyo ya manta da abu guda. Maɓallin Share na PS4 abin da idonka ke gani yake naɗa, ba ragi ba ƙari. Ku koma ku sake kallo da kyau. Daga farko har ƙarshe ta cikin madubin Kar98k, bindigar harbi daga nesa, aka ɗauke shi, daga can baya, ciyawa ta rufe gefen allo. Ma'ana, lokacin da mu biyar muke bakin ruwa harsashi na sauka a kanmu kamar ƙanƙara, wani yana kwance rub da ciki yana kallonmu. Ko abokan gaba bai auna ba, mu ya saka a madubi yana ƙirga faɗuwarmu. Da hannunsa ya kawo shaidar da ta kama shi.

Ba a gina gada a kwance.

Call of Duty: WWII tun Nuwamban 2017 ya fito, amma har yau akwai wanda bai gane abin da ake nufi da War ba, wato salon wasan da tawaga ke cika ayyuka ɗaya bayan ɗaya. A Operation Breakout, fagen War da muka buga jiya, aiki huɗu ne a gaban masu kai hari: a ƙwace sansanin abokan gaba, a gina gada, a tarwatsa rumbun harsasai, sannan a raka tankar yaƙi har inda za ta. Mutum shida ne a kowane ɓangare, kuma agogo na tafiya. Idan shida suka zama biyar saboda ɗaya ya shige ciyawa, nauyinsa a wuyan sauran yake sauka. Mai ginin gada kuwa ba ya harbi. Ka danne maɓalli ka tsaya a fili, bindigarka ba ta da amfani a wannan lokacin, ga masu bindiga mai jigida a tsallaken ruwa sun san daidai inda za ka tsaya. Ka jefa gurnetin hayaƙi, ka kutsa cikinsa, ka ƙara ɗan abin da ka ƙara, a kwantar da kai, ka tashi ka dawo da gudu kafin hayaƙin ya washe. Haka gada take tsayawa, da faɗuwa da tashi. Su kansu waɗanda suka ƙera wasan, Sledgehammer Games, sun san da haka, shi ya sa mutuwar da ka yi a War ba ta shiga lissafin kisa da mutuwa na asusunka, kuma suka cire jiragen yaƙi da ruwan bama-baman da ake samu a matsayin ladan tara maki. Sun cire ne don mutum ya daina tattalin ransa ya yi aikin da ya kawo shi. To wanda har yanzu yake tattalin ran da ba a ƙirgawa, me za a ce masa?

Jiya sau nawa na faɗi? Da yawa, kuma ba na jin kunyar ko ɗaya. Gadar ta tsaya ana saura ƙiris lokaci ya cika. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wanda ya fara tsallakawa bayan an gama. Da ƙarar kammalawa ta tashi, sai ga ɗan laɓe ya miƙe daga ciyawa ya zo ya bi ta kan aikinmu a guje, har yana cewa a makirfo wai shi ya share mana hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A rakiyar tanka ma haka aka yi. Kowa ya san ba ta motsi sai da mutum a jikinta, idan aka watse ta fara ja da baya. Mu muna manne da ƙarfe ana yi mana ruwan gurneti, shi yana can wata taga yana neman wanda zai ɗauke daga nesa.

Ni ba na raina mai harbi daga nesa. Rundunar Mountain, ɗaya daga cikin waɗanda ake zaɓa a wasan, aikinta ke nan, kuma maharbin ƙwarai yana da rana: ya kawar da mai jigidar tsallake, ya ba masu gini numfashi. Na yi wasa da irinsu, za ka ji wuta ta lafa a gabanka ka san akwai mai tsaron bayanka. Wannan namu kuwa a wani fagen wasan mai suna Gustav Cannon ya koyi hawa saman igwa ya kwanta, shi ke nan ya ɗauka duk yaƙi haka yake.

Abin da ya fi ƙona min rai ba dariyar ba ce. Kai ne ka yi ta. E, kai. Na ce ba zan kira suna ba, amma ka san kanka kuma ka san na sani. Wa ya zauna kusa da kai ranar da ka kasa fita daga gaɓar Normandi a matakin farko na labarin wasan? Kana ta jira jininka ya cika da kansa kamar yadda ka saba, ba ka san a wannan sai ka nemi jakar magani ba, ko ka karɓa wurin Zussman, abokin sojan da kake wasa da shi. Sau nawa ka miƙo min hannun gem ka ce, "Don Allah yaya, wuce min nan"? Dajin Hürtgen wa ya fitar da kai? Ni ne na koya maka ƙirga harsashi takwas na bindigar M1 Garand, don kada ƙarar nan da take yi idan harsashi ya ƙare ta same ka a tsakiyar fili ba komai a bindiga. Lokacin da sauran suka ce ba sa son ka a tawaga saboda ba ka jin kira, ni na tsaya maka, har muka yi sa-in-sa da mutumin da ya girme ni. Na'urarka ta lalace, ka yi makonni kana wasa da tawa. Ban taɓa faɗin wannan a gaban kowa ba sai yau, kuma ba gori nake yi ba, kai ka ja.

Ni tun Medal of Honor: Frontline na 2002 a PS2 nake sauka a wannan gaɓar, tun ba a san wasa ta intanet a kan talabijin ɗinmu ba. Na gama WWII a Veteran, matakin da ya fi wuya, ba wanda ya riƙe min hannu. Amma yau ni ne kaya. Ni. Wanda ya goya ka shi ne kaya.

Wasu sun ce in yi haƙuri, wasa ne. Na sani wasa ne. Amma daren da mutum ya hana idonsa barci don 'yan uwansa su yi nasara, gari ya waye ya ga an mai da shi abin dariya a gaban mutanen da ba su ma san me ake yi a bakin gadar ba, wannan ya wuce wasa. Da ka kira ni ka ce na yi kuskure a wuri kaza, wallahi da na saurara. Ka zaɓi ka ɗora a bainar jama'a.

Idan kuma maganar iya harbi ce, a Headquarters, dandalin haɗuwar 'yan wasa, akwai filin gwabzawa na mutum biyu, kowa na tsaye a sama yana kallo, babu ciyawa babu taga. Ga fili ga mai doki. Sau biyu ina kiran ka can a baya, sau biyu netwok ɗinka na yankewa a daidai wannan lokacin.

Yau da dare Operation Neptune, wani fagen War ɗin, za mu shiga. Akwai gaɓar teku da za a haura a ƙarƙashin wuta, akwai ramukan kankare biyu da za a ƙwata, babu inda mai laɓe zai amfane mu. Gurbin mutum na shida na riga na ba wani yaro da bai fi wata biyu da fara wasan ba. Bai iya auna bindiga sosai ba tukuna, amma shekaranjiya na ce masa "gada," kafin in rufe baki yana cikin hayaƙi.