Masu gidajen kallo na Zariya, wa ke magana da yawunku?

Daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga Samaru zuwa Gyallesu, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga allo jingine a bakin wata rumfar kwano ba, an rubuta wasannin yau da alli, da lokacin kowanne, da kuɗin shiga. Nan ne sinimarmu a yau. Ranar Asabar Firimiya, daren Talata da Laraba gasar zakarun Turai, ranar da babu ƙwallo a sa fassarar Indiya ko fim ɗin Hausa. Mai gidan na ci, yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofa na ci, mai shayi da mai rake da mai awara da ke bakin wurin duk suna samu. Amma in yau aka wayi gari da umarnin rufe su gaba ɗaya, wa zai tashi ya shiga ofis a saurare shi da sunan dukkansu?

Ƙungiya ake buƙata. Ba ina nufin ƙungiyar da ba a jin ɗuriyarta sai ranar biki ko ta'aziyya ba. Zumunci abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada. Ina nufin ƙungiyar sana'a mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, mai kundin sunayen 'ya'yanta, mai asusun banki, wadda shugabanninta ke da wa'adin sauka.

Ku dubi manyan gidajen sinima irin su Filmhouse da Silverbird da Genesis. Kishiyoyin juna ne a kasuwa, amma suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato CEAN, ƙungiyar masu gidajen sinima ta ƙasa. Da korona ta sa aka rufe su a 2020, ƙungiyar ce ta riƙa bin gwamnati tana bayyana asarar da ake tafkawa da matakan da za su ɗauka in an bari su buɗe. Kuma suna fitar da alƙaluman cinikin tikiti a kai a kai, don haka in sun ce sana'arsu na riƙe da mutane, akwai takarda a hannu. Mu fa? Ko yawan gidajen kallon da ke ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, kowa ka tambaya sai dai ya yi maka kintace.

Kano ma ta isa misali. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim. Masu sana'ar suka je teburin gwamnati a ƙungiyance, ƙarƙashin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fim, aka yi ta zama har aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aiki ya ci gaba bisa sharuɗɗa. Kana iya ƙin yadda hukumar ta riƙa tafiyar da wasu abubuwa daga baya, amma da kowa zaman kansa yake yi a lokacin, da ba a ma sami wanda za a zauna da shi ba.

Na taɓa zama a wani gidan kallo ana tsakiyar wasa, benci ya cika har wasu na tsaye jikin langa-langa, sai ga mutum biyu da littafin rasit, wai kuɗin haraji, in ba haka ba a kashe inji. Mai gidan ya ce ai ya biya wasu a watan. Suka ce ba su ba ne. Ya dubi jama'a, ya san in hoto ya ɗauke a wannan lokacin sai ya mayar wa kowa kuɗinsa, har da zagi a kai. Ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya miƙa, ko takardar bai karanta ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Da akwai ƙungiyar da ta zauna da hukumar haraji ta fito da takarda ɗaya mai cewa ga abin da ake biya a shekara, ga wanda ake biya, aka manna ta a ƙofar kowane gida, da mutanen nan ba su ko tsaya ba.

Ga kuma tsadar aiki. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, bayan cire tallafi ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. DStv ya ƙara kuɗi fiye da sau ɗaya a 'yan shekarun nan. Shi kuwa mai gida in ya ƙara naira hamsin, 'yan kallo sai su koma layin baya wurin wanda bai ƙara ba, shi ma yana cin uwar kuɗinsa bai sani ba. Gidaje talatin da suka haɗa kai za su iya tsayar da farashi mafi ƙaranci, su kuma tunkari mai sayar da sola da batir a yi musu ragi ko biya kaɗan-kaɗan.

Sai dai inda na fi son a tsaya shi ne gyaran cikin gida, don ba ka zuwa neman haƙƙi alhali iyayen unguwa na da hujja a kanka. Kuma wallahi wasu koke-kokensu gaskiya ne. Yaro da kayan makaranta a gidan kallo ƙarfe goma na safe. Lasifika na tashi ana sallar isha'i a masallacin da ke kusa. Hayaƙin da kowa ya san ba na sigari ba ne a bencin baya. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ranar da mai unguwa ya kai ƙara wurin hakimi, ba zai ware na kirki ba. Ƙungiya ce kawai za ta iya cewa ɗanta ya gyara ko ta karɓe katinsa, ta kuma sanar da hukuma cewa wannan ba namu ba ne.

Batun rai ya fi duk wannan. A 1951 gobarar sinimar El-Duniya a Kano ta kashe mutum sama da 300. A 2014 bam ya tashi a wurin kallon gasar cin kofin duniya a Damaturu. A Afrilun 2017 wayar babban layin lantarki ta faɗo kan gidan kallo a Kalaba ana kallon wasan Manchester United, mutane suka mutu. Yanzu shiga ɗaya daga cikin namu ka duba: ƙofa ɗaya ce, ƙunci gare ta, janareto da jarkar mai na gefenta, wayoyi an ɗaure su da leda suna lilo a saman kawunan mutane. Kada a ba kowa katin ƙungiya sai yana da ƙofar fita ta biyu, da abin kashe gobara, kuma mai aikin wuta ya duba wayoyinsa.

Na san abin da ke sa mutane ja da baya: tsoron a tara kuɗi wasu su cinye. To kada a karɓi ko sisi a hannu, kowa ya tura asusu, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Kuɗin wata kuma a yanka shi gwargwadon yawan benci, don mai talabijin ɗaya a lungun Muciya ya iya shiga, ƙuri'arsa kuma ta zama daidai da ta mai majigi uku a Samaru.