Ranar da na tuhumi kwamfuta, ashe ni ne mai laifin

Ƙanena ne ya ja mini. Da ya zo hutu ya cire Windows daga laftof ɗin shagona ya saka Ubuntu, wani nau'in Linux, wai ba ta cika kama bairos ba, ya koma makaranta ya bar ni kamar baƙo a garin da ba a jin Hausa.

Ranar Alhamis wani Alhaji ya kawo filas, katin ɗaurin auren 'yarsa na ciki, biki kuma Asabar. Na soka, shiru. Na cire na hura masa iska na mayar, shiru. Alhaji na tsaye yana kaɗa makullin mota.

Na kira yaron. Ya ce, "Yaya, buɗe baƙin allon nan ka rubuta dmesg. Kanel, wato zuciyar Linux, duk abin da aka soka mata sai ta rubuta, dmesg ne zai nuna maka rubutun."

Na rubuta. Ta ce Operation not permitted. Ni, a kwamfutar da na saya da gumina! Ya ce in fara da sudo, kalmar da ke ba ni ikon mai gida. Ina dannawa rubutu ya ɓarke kamar ruwan Agusta, kowane layi da lamba a gefen hagu. Na tambaya ko kuɗin gyara take lissafa mini. Ya ce daƙiƙu ne tun daga kunna ta, in ƙara -T za su koma kwanan wata da lokaci.

Can na hango ja: ACPI Error. Na yi salati da ƙarfi har Alhaji ya ja da baya. Yaron yana dariya, wai laftof da yawa haka suke ƙorafi kan BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, kullum, kuma suna aiki lafiya lau. Ya ce saƙonnin matakai 8 ne, daga emerg mai tayar da hankali zuwa debug mai surutu, in rubuta -l err,warn in tace masu zafin. Na tace. Babu zancen filas. Muka tura wa grep -i usb, mai tsamo layukan da suka ambaci USB, ga linzami, ga kyamara, ga Bluetooth, kowa ya amsa sunansa ban da mutuminmu.

A nan ne na ga nima fa na fara zama injiniya. Katin wayata ya ƙare, kafin ya kira ni na buga dmesg -C da kaina, a tunanina C ɗin "ci gaba" ne. Ta share komai ƙaf. Da na gaya masa ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce Allah ya taimake ni wani umarnin, journalctl -k, na da kwafi.

"To Yaya, rubuta dmesg -w, ka zuba ido. Cire linzami."

Na cire, nan take layi ya fito, USB disconnect. Na mayar, wasu layukan suka biyo. Na cire filas na sake sokawa. Ko tari ba ta yi ba.

"Yaya, don Allah wane rami kake sokawa?"

Na leƙa. Ramin wayar intanet ne. Faɗinsa daidai da bakin filas, ya shige ya zauna daram abinsa kusan minti 40.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ai Malam tun ɗazu na gani. Na ɗauka sabon yayi ne."